Gidan Da Aka Saya Don Ƙofarsa

"Wallahi ban sani ba, Umma. Ban sani ba!"

Hannun Auta na kan gwiwar mahaifiyarta, yajin man zafi ya cika ɗakin har idonta na zubar da ruwa. Ita kanta ba ta san ko man ne ba, ko kukan da take dannewa tun safe.

"To in ba ki sani ba, wa ya sani?" in ji Umma. "Yau ki ce garin kan dutse, gobe ki ce garin bakin kogi, jibi ki ce na agogo. Ke aure za ki yi ko yawon buɗe ido?"

Maganar dai ɗaya ce, kuma ta daɗe tana hana gidan sakat. Auta, nas a ƙaramin asibitin unguwa, kafinta take so. Ba ma kafintan kujeru da gadaje ba, wanda aƙalla za a ce ga shagonsa a bakin titi. A'a, mai gyaran tsofaffin ƙofofi, mutumin da in ya ga katakon da gara ta ci rabinsa sai ya tsaya yana shafa shi kamar ya ga ɗan uwansa. Ya taɓa ajiye aiki ya yi tafiyarsa don an ce ya rage tsawon wata tsohuwar ƙofa. Wai shi tsohon katako ba a yanka shi, lallaɓa shi ake yi. Mai Zarto take ce masa don tsokana, shi kuma ya ce mata Sista.

Baba bai ce a'a ba. Da ma a'a ɗin ya ce, da ta san da wanda take faɗa.

"Ba zan yi miki dole ba, Auta," haka ya ce. "Ban yi wa yayyenki ba. Amma ba zan ba da 'yata ga wanda ba shi da inda zai ajiye ta ba. Ya nemi gida, in je in gani da idona. In ya yi, shi ke nan. In bai yi ba, kada a sake kawo mini maganarsa."

Gida a cikin birni kuwa, ga mai zarto da guduma, sai dai kallo daga nesa. Shi ya sa Mai Zarto ya kawo shawarar ƙananan tsofaffin garuruwan nan da yake zuwa gyaran ƙofofi, inda samari duk suka gudu birni suka bar gidajen kakanninsu a kulle, ana neman mai saye ido rufe. Ko ita ma ba za ta rasa aiki ba, don asibitocinsu kullum kukan rashin nas suke yi.

Uku suka ware, kuma ukun nan su ne suka dagula mata lissafi.

Garin kan dutse akwai iska mai daɗi, amma kowane lungu matakala ne. Umma na ganin hoton ta ce, "Ni da wannan gwiwar? Ki fito fili kawai ki ce kada in taka gidanki."

Garin bakin kogi akwai tsohuwar gada da kasuwa mai rai, amma da damina ruwa har cikin ɗaki yake zuwa gaisuwa. Baba ya ce shi 'ya ya haifa, ba kifi ba.

Garin agogo shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara, sai dai agogon da ke kan tsohuwar hasumiyarsu ya tsaya tun kafin a haifi Baba. Umma ta taɓe baki ta ce garin da agogonsa ma ya gaji, me mutum zai je yi?

Ita kuwa Auta, in ta kalli hoton gari da safe sai ta ji kamar ta haɗa kaya, kafin la'asar ta tsane shi.

"Ga Manaja nan," Umma ta ci gaba, tana gyara zaman ƙafarta. "Ɗan aminin babanki, yaro mai kunya, gidansa layi biyu daga nan. Ko tari na yi za ki ji. Me ya yi miki?"

Abin haushin ke nan, bai yi mata komai ba. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Manajan kamfanin sayar da kwanon rufi ne, ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa hannu rabbana, kuma tun da ya san da maganar Mai Zarto bai taɓa kushe shi ba. Jira kawai yake yi, jiran nan da ya fi zagi ciwo.

"Bai yi mini komai ba, Umma."

"To mene ne?"

"Ba shi nake so ba."

Umma ta ce, muryarta ta sauka, "Yayyenki duk sun watse. Ke kaɗai kika rage mini. In kin tafi garin da ko agogo babu, wa zai shafa mini man nan? Babanki? Mutumin da bai san inda murfin kwalbar yake ba?"

Nan kukan ya ƙwace. Auta ta kifa kai a cinyar Umma.

"Ni ya zan yi? In na zauna na cuce shi, in na tafi na cuce ki. Ku raba ni biyu mana kowa ya huta!"

Wayarta ta yi ƙara. Ta share ido ta fita tsakar gida.

"Sista!" Mai Zarto ne, cike da murna. "Na samu! Na saya!"

"Ka saya? Me ka saya? A wane garin?"

"Na agogo. Na sayar da babur na haɗa da abin da na tara, mai gidan bai ma ja ba. Sista, ki ga ƙofar! Ganye biyu ce, kowace ƙusa maƙeri ne ya buga ta da hannu."

"Ɗaki nawa ne?"

"Akwai ɗakuna. Amma zanen da ke saman ƙofar nan, tun da nake ban taɓa..."

"Akwai ruwa? Akwai wuta?"

"Bari in turo miki hotuna ki gani."

Hotunan suka shigo a jere. Ƙofa daga gaba. Ƙofa daga gefe. Ƙusa. Wata ƙusar. Marfin ramin mukulli. Auta ta yi ta jan yatsa har suka ƙare, ba ta ga ko bangon ɗaki ɗaya ba. Ta tsaya riƙe da wayar, ta rasa dariya za ta yi ko ihu.

*

Mai Zarto ya roƙi a ba shi lokaci ya ɗan yi gyare-gyare, aka ba shi. Makonnin nan ko ƙeyarsa ba ta gani ba, in ta kira sai ta ji ƙarar guduma, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki." Kalmar nan kuwa ita ta fi komai tayar mata da shi.

Ranar zuwa ganin gida, wa zai kai su? Manaja. Shi ya zo da kansa ya durƙusa ya ce bai kamata Baba ya shiga motar haya ba. Baba ya karɓa. Umma ma ta yafa mayafi ta ce sai ta je ta ga abin da za a raba ta da 'yarta dominsa.

Haka Auta ta zauna a bayan motar wanda yake sonta, za ta ganin gidan wanda take so. Duk sanda ta ɗago sai ta ga idonsa a madubi, ya yi saurin kawarwa.

Suka shiga garin da hantsi. Tituna ƙanana shimfiɗe da dutse, gidaje manne da juna, tagogi da yawa a rufe. Tsofaffi zaune a inuwar hasumiya suna bin motar da kallo, tattabaru sun yi sheƙa a kan hannun agogon. Shirun garin ya shige ta har ta sauke ajiyar zuciya. Suna shan kwana kuma ta ji shirun ya ba ta tsoro.

Lungun gidan, mota ba ta shiga, sai da ƙafa. Umma na dogara sanda tana duban ƙofofin mutane.

"Dubi dokin ƙofarsu don Allah," ta ce. "Kowanne ya kai rabin ƙwauri. Su mutanen da ba su san ciwon gwiwa ba ne?"

Can ƙarshen lungun ga Mai Zarto tsaye cikin wankakkiyar riga, ya rame, ya yi duhu. Ya zube ya gai da su, har da Manaja ya miƙa wa hannu. Sannan ya matsa gefe.

Kai, ƙofar nan ta yi! Ko maƙiyi ba zai ce ba ta yi ba. Ya goge ta da mai har tana sheƙi kamar zuma, zanen ganye ya fito raɗau, ƙusoshin a jere kamar maɓallai.

"Masha Allah," in ji Baba, ba tare da ya shirya faɗar haka ba.

Auta ta ji sanyi a ranta. Mai Zarto ya tura ƙofar da yatsa ɗaya ta buɗe ba ko ƙara. Suka shiga.

Sanyin bai daɗe ba.

Tsakar gidan a share take, ga rijiya da bishiyar lemo. Amma babban ɗakin, wanda ko ba a faɗa ba kowa ya san shi ne na amarya, bango huɗu ne kawai da sararin sama. Rana ta kwanta a tsakiyarsa. Wata kaza ta maƙwabta na kwance a lungu kan ƙwai, ta ɗago ta dube su kamar su ne baƙi, kuma gaskiyarta. Ɗakin da ke kusa da shi ma ba rufi. Kicin ɗin rabi inuwa rabi rana.

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sauke ya dubi Mai Zarto, ya sake ɗagawa.

"Samari."

"Na'am, Baba."

"Ka shiga gidan nan kafin ka saya?"

"Na... na leƙa, Baba."

"Da ka leƙa, ka ɗaga kanka?"

Mai Zarto ya sunkuyar da kai. "Ƙofar ce ta ɗauke mini hankali. Sai da aka ba ni mukulli na lura."

Baba ya juya ga Manaja. "Kai sana'arka ce. Me ka gani?"

Manaja ya dubi bangon, da gani ba ya son a sa shi a ciki. "Bangon lafiya lau yake, Baba, ginin da ne. Rufin ne babu. Kuma ga damina a bakin ƙofa."

Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ko gishiri ba. Auta ta so a ce ya ƙara, ko ta samu wanda za ta tsana.

Ta ja gefen rijiya, Mai Zarto ya biyo ta. Hawaye tuni sun wanke mata fuska.

"Ka kashe ni," ta ce ƙasa-ƙasa. "Dama ɗaya Baba ya ba mu, ɗaya tak, ka je ka sayo ƙofa!"

"Sista, ki saurare ni."

"In saurari me? Na yi faɗa da Umma saboda kai. Na ƙi mutumin da bai taɓa ɓata mini ba saboda kai. Duk makonnin nan da nake jin guduma a waya, me kake bugawa? Ƙofar kake ta shafawa?"

"Na yi rufi."

"A ina? A sama wurin tattabaru?"

Ya nuna mata wani ɗan ɗaki daf da ƙofar shigowa, wanda duk suka wuce ba su kula ba. Sabon rufi ne a kansa, katakon ko bushewa bai gama yi ba.

"Wancan? Wancan ɗan akurkin ne ɗakinmu?"

"Ba namu ba ne," ya ce. "Na Umma ne. Kin ce ba za ki iya nisa da ita ba. Na ce in tana da ɗakinta, za ta riƙa zuwa ta daɗe. Katakon da ya rage mini na ɗaki ɗaya ne, sai na fara da shi."

Auta ta juyo ta dube shi. "Mu kuma fa? A ina za mu kwana?"

Ya dube ta, ya dubi ɗakin kaza, ya sosa ƙeya. Wallahi sai a lokacin tambayar ta zo masa.

Ta rasa abin yi. Ta mare shi ne, ko ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka? Wane irin mutum ne wannan? Da wannan za ta ƙare rayuwarta, a garin da ko lokaci ba su sani ba?

Muryar Baba ta katse ta.

"Gida na ce. Wannan ƙofa ce da ɗaki ɗaya. Samari, ba na ƙin ka, amma magana ta ƙare. Auta, wuce mu tafi."

"Baba, don Allah..."

"Na ce wuce. Ina uwarki?"

Aka duba, babu Umma a tsakar gida.

A ɗan ɗakin suka same ta, zaune a bakin gado, sandarta jingine da bango. Tagar ɗakin ƙasa-ƙasa take, daidai yadda na zaune zai ga lungu. A jikin bango an kafa wani dogon katako sumul, daga gado har ƙofa. Suna kallo Umma ta kama shi ta miƙe tsaye, ba wanda ya tallafe ta, ba ko "wash". Ta koma ta zauna. Ta sake miƙewa.

"Kai," ta ce wa Mai Zarto, "wa ya gaya maka tsayin gadon nan?"

"Sista ta taɓa cewa kuna shan wuya wurin tashi in gado ya yi ƙasa."

"Da na shigo gidan nan, ban ɗaga ƙafa ba. Duk lungun nan dokin ƙofarsu kamar katanga. Ina naka?"

Sai yanzu Auta ta waiga. Ƙarƙashin kyakkyawar ƙofar nan, inda ya kamata a ga tsohon katako mai kauri, an yanke shi daidai da ƙasa. Wurin yankan fari tas, ko man da ya shafa bai ɓoye shi ba.

"Kai ka yanka?" in ji ta. "Kai da ka ce ba a yanka tsohon katako?"

Bai dube ta ba. "Na daɗe ina zagaya shi da zarto kafin na iya. Amma sandar Umma ba za ta haye shi ba."

Umma ta dube shi. Sannan ta ce, "Kai dai wawa ne, ɗan nan. Ka rufe ɗakin suruka ka bar matarka a rana. Tun da nake ban taɓa jin irin wannan wauta ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba ni mukullin ɗakin."

Ya laluba aljihu ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙulle shi tam a bakin mayafinta.

"Me kike yi haka?" in ji Baba.

"Malam, kai ka duba gida ka ce bai yi ba. Ni na duba ɗakina, ya yi."

Baba ya juya. Ya yi taku biyu zuwa ƙofa ya dawo. Sai ya tsaya a gaban Auta.

"Kowa ya faɗi nasa ban da ke. Kullum kukanki Umma, Umma. To ga Ummanki ta karɓi mukulli. Ke me kika ce? Za ki zauna a garin nan?"

Ƙasa ta yi mata nisa. Ashe duk watannin nan a bayan gwiwar Umma take ɓuya, yanzu kuma gwiwar ta tashi tsaye ta bar ta a fili. Ta dubi ɗakin da ba rufi. Ta dubi Manaja da ke tsaye shiru riƙe da mukullin mota, mutumin da a gidansa ba za ta taɓa sanin an yi ruwa ba sai ta leƙa taga. Ta dubi farin yankan nan a ƙarƙashin ƙofa.

"Baba, ban san garin nan ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ban san ko zan so shi ba. Wataƙila in yi ta kuka kullum. Ban san komai ba, wallahi. Amma in an ce in bar wanda ya yanka katakon can, ba zan iya ba."

Kaza ta yi ƙara a ɗakinta. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda sama ta fara haɗa baƙi.

"Shi ke nan. Amma ka ji ni da kyau, samari. In ruwan farko ya sauka a cikin ɗakin can, maganata ta ɗazu tana nan daram."

Mai Zarto ya dubi hadarin, ya dubi hannuwansa. Ba babur, ba katako, ba komai.

Manaja ya juya ya fita ba sallama. Suna jin takunsa a kan duwatsun lungu har ya ɓace. Umma ta sauke numfashi ta ce, "Allah sarki. Yau kuwa sai motar haya."

Ba a jima ba takun ya dawo. Ya shigo riƙe da tef ɗin awo, idonsa jajir. Ya wuce su kai tsaye zuwa ɗakin da ba rufi, ya ja bakin tef ɗin ya miƙa wa Mai Zarto.

"Riƙe nan. Kai shi wancan bangon."

Mai Zarto ya karɓa kamar wanda aka tasa daga barci.

Auta ta matso bakin ɗakin. "Manaja... me ya sa?"

Bai ɗago ba. Idonsa na kan lambobin tef ɗin.

"Ba don shi ba ne, Auta," ya ce. "Ba na so ruwa ya dake ki."

Can nesa aka yi tsawa. Auta ta dafa bango tana kallon mazan nan biyu, kowa riƙe da bakin tef ɗaya, suna auna ɗakin aurenta. Kuka ya zo mata mai ƙarfi fiye da na ɗazu, kuma da za a tsare ta a tambaye ta wa take yi wa shi, da ba ta da amsa.